Filin Masu Motoci: Kada a Yi wa Fulin Inji Walda

Ba baƙon abu ba ne a unguwar makanikai ta Apo, cikin birnin Abuja, a ga an shigo da ƙatuwar jif mai shan man dizal, jikinta sumul babu ko ƙwarzane, amma gaban injinta yana wata irin ƙara kamar ana wasa wuƙa a dutse. Direba ya fito ya ɗaga murfin inji, makaniki ya leƙa, ya sa a tayar, ya sa a kashe, sa'an nan ya miƙa hannu can ƙasa ya nuna wani faifan ƙarfe mai nauyi wanda fambel ke zagayawa a kansa, ya ce, "Maigida, fulin inji ne, robarsa ta saki." Daga nan sai a aiki yaro kasuwar Gudu ya tambayo kuɗin sabo. Idan yaro ya dawo ya faɗi kuɗin, mai mota yakan yi shiru na ɗan lokaci, kana ya ce, "To, Malam, babu wata dabara?" Dabara kuwa ba ta ƙarewa a gareji. Ga mai walda nan a rumfa ta gaba, cikin rabin sa'a zai ɗinke ƙarfen ciki da na waje su zama abu guda, a mayar, a ɗaure, a tayar da mota, ƙara ta ɗauke ɗif, kowa ya tafi gida da murna.

Wannan walda ita ce batun filin nan a wannan mako, domin tana cikin gyare-gyaren da suka fi yaudarar mai mota. Yawancin gyaran ganganci yakan tona asirin kansa kafin a kai gida. Wannan kuwa yana iya yin watanni ba a ji komai ba, sai ranar da babban ƙarfen da ke tsakiyar inji ya karye, a lokacin kuma babu mai tuna waldar da aka yi, sai a ɗora laifi a kan baƙin mai, ko a kan direba, ko a ce ƙaddara ce.

Galibin jif-jif ɗin da ke yawo a titunan Abuja masu shan fetur ne. Masu shan dizal, wanda jama'a suka fi sani da gas, motocin aiki ne: na ofisoshin jakadanci, da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, da ƙungiyoyin agaji masu zirga-zirga zuwa Maiduguri da Damaturu da Yola, da kamfanonin gine-gine, da jami'an tsaro. Idan waɗannan sun gama moriyarsu sukan yi gwanjonsu, daga nan motocin su faɗa hannun 'yan kasuwa da manoma da masu kwangila, waɗanda suka saye su don an ce injin dizal ba ya mutuwa. Akwai gaskiya a maganar. Injin Toyota mai suna 1HZ, mai silinda shida da girman lita 4.2, wanda aka fara ƙerawa a 1990, ga shi nan har yanzu yana jan Land Cruiser da motocin Coaster masu kai ma'aikata ofis. Haka 1KD mai lita 3.0 da ya fito a 2000, wanda ke cikin Prado da Hilux da Fortuner da yawa, da 1VD mai silinda takwas na 2007, da 1GD mai lita 2.8 na 2015, da kuma 4M41 na Mitsubishi Pajero. Ƙarfen waɗannan injuna yana da dogon kwana ƙwarai. Amma a bakin kowannensu akwai wani yanki da ba ƙarfe ba, shi kuwa kwanansa ƙidayayye ne.

Kafin a gane amfanin wannan yanki sai an san wahalar da karanshaf ke sha. Karanshaf shi ne dogon ƙarfen nan mai gwiwoyi da ke kwance a cikin inji daga gaba zuwa baya, wanda fistin-fistin ke turawa ya juya, shi kuma ya juya giya, giya ta juya tayoyi. Mutum zai zaci turin nan a hankali yake zuwa kamar ruwa a kwata, alhali kuwa duka ne, irin na matan da ke lugude a turmi guda, wannan ta sauke taɓarya wannan ta ɗaga. Inji mai silinda huɗu yana samun duka biyu a kowane juyi, saboda haka idan allurar dashbod ta nuna juyi 2,000 a minti, karanshaf yana shan duka 4,000 ke nan a minti guda. Mai silinda shida yana shan 6,000, mai takwas 8,000. Can ƙarshensa na baya akwai filawil mai nauyi da giya da nauyin mota duka suna riƙe da shi, ba ya saurin amsawa. Don haka kowane duka yakan ɗan murɗa ƙarfen kamar yadda ake matse wanki, da zarar dukan ya wuce kuma sai ya warware da ƙarfi har ya zarce inda yake da farko, ya sake dawowa. Murɗawar ba ta kai digiri ɗaya ba, ido ba zai gan ta ba, hannu ba zai ji ta ba. Amma wanda ya taɓa karya waya da hannu ya san ba da ƙarfi ake karya ta ba, lanƙwasa ta ake yi gaba da baya har ta gaji ta rabu.

Har ila yau akwai abin da ya fi wannan muni. Kowane ƙarfe yana da saurin da yake son karkarwa a kai, gwargwadon tsawonsa da kaurinsa. Yaron da ke kan lilo, idan ana tura shi daidai lokacin da ya dawo, ko da ɗan yatsa ake turin zai yi ta hawa sama har ya ba da tsoro. Haka idan dukan fistin ya zo daidai da saurin karkarwar karanshaf, kowane duka sai ya ƙara a kan na baya, murɗawar ta ninka sau da yawa. Wannan yakan faru ne a wasu keɓaɓɓun juyi na inji, ba a kowane juyi ba, kuma ba lalle ne ya zama a gudun tsiya ba. Yana iya faɗawa daidai gudun da direba mai hankali yakan riƙe daga Zuba har Kaduna.

Masu ƙera motoci sun gamu da wannan matsala tun farkon ƙarnin da ya wuce, sa'ad da suka fara yin injuna masu silinda shida a jere, waɗanda karanshaf ɗinsu ke da tsawo, suka ga yana ta karyewa ba tare da wani aibi a ƙarfen ba. Wani injiniya ɗan Ingila, Frederick Lanchester, shi ne ya yi rajistar maganin abin a 1910: ya sa wani ƙaramin faifai mai nauyi a bakin karanshaf, wanda ba a ɗaure shi tamau ba, aka bar shi yana iya ɗan zamewa, don ya riƙa shanye karkarwar. Wanda kuma yake ganin batun ƙarami ne ya dubi abin da ya sami jirgin saman Jamus mai suna Graf Zeppelin, irin mai kama da ƙaton balan-balan, a watan Mayu na 1929. Ya tashi zai ƙetare teku zuwa Amurka da injuna biyar, huɗu suka mutu ɗaya bayan ɗaya, da kyar matuƙinsa Hugo Eckener ya juyo da shi ya sauka a kudancin Faransa kusa da Toulon da inji guda. Da aka bincika sai aka tarar wannan murɗawa ce ta yi ɓarnar, sanadinta kuwa wani ɗan canji ne da aka yi wa mahaɗin da ke tsakanin inji da farfela kafin tafiyar. Masu canjin ba jahilai ba ne, gwanaye ne a sana'arsu, sun taɓa abin da suke gani ƙarami ne.

Fulin injin jif ta yau jikan wancan faifai na Lanchester ne. Idan aka ajiye shi a ƙasa aka duba za a ga kashi uku ne. Akwai cibiya ta ƙarfe wadda ke ɗaure a bakin karanshaf, akwai zobe mai nauyi a waje, wanda a mafi yawan motoci shi ne ke da kwarin da fambel ke bi, sa'an nan a tsakaninsu akwai siririyar baƙar roba da aka matse ko aka manne ta. Idan karanshaf ya fizgi cibiya, zoben waje saboda nauyinsa ba ya bi nan take, sai ya ɗan ja baya. Robar da ke tsakani ta miƙe ta dawo, ta mayar da fizgar ta zama zafi, iska ta kwashe. Aikin gammo ke nan tsakanin kai da tulu. Nauyin zoben da taurin robar ba a kan ka aka zaɓe su ba, an auna su ne daidai da karkarwar wannan inji shi kaɗai, shi ya sa fulin wani inji ko ya shiga daram ba zai yi aikin ba. Akwai wani iri kuma da aka fi samu a manyan motoci da janareta, wanda a maimakon roba aka rufe zoben a cikin gwangwani da wani mai kauri kamar zuma. Shi wannan da zarar gwangwanin ya lotsa ko ya fara yoyo, ya tashi daga aiki.

Abin da ya sa injin dizal ya fi na fetur buƙatar wannan gammo shi ne ƙarfin dukansa. Injin fetur yakan matse iska wajen sau tara zuwa goma sha ɗaya, sa'an nan fulogi ya kunna wuta. Na dizal ba shi da fulogi, matse iskar yake yi har ta yi zafin da za ta kunna mai da kanta. 1HZ yana matse ta fiye da sau 22. Injunan zamani sun rage matsin zuwa wajen 15 ko 17, amma sun ƙara tabo mai cusa iska da injekta masu fesa mai da ƙarfin gaske, don haka dukan bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Kuma dizal yana ba da ƙarfinsa ne tun inji yana juyi kaɗan, inda duka ke zuwa ɗai-ɗai da nauyi.

To, roba ba ta son abu uku, zafi da mai da tsufa, kuma duka ukun Abuja ta tanada. A watannin Maris da Afrilu zafin gari yakan doshi digiri 40, ƙarƙashin murfin inji kuwa ya fi haka nesa. Motar da ta kwana a Nyanya ko Mararaba ko Kubwa tana shigowa gari da safe cikin cunkoso, tana rarrafe, iska ba ta ratsa gabanta. Ga kuma wata al'ada ta wannan birni, inda ake barin mota a tayar sa'a biyu ko uku a ƙofar sakatariya ko otal, na'urar sanyi tana aiki, don kada maigida ya fito daga taro ya tarar da kujera da ɗumi. Agogon tafiya ba ya ƙirga waɗannan sa'o'i, amma robar fuli tana ƙirgawa, gama inji mai silinda huɗu ba ya taɓa girgiza kamar sa'ad da yake tsaye yana jan na'urar sanyi. Batun mai kuwa, bayan fuli akwai sil mai hana baƙin mai fita. Idan ya fara tsatsafo, man yakan bi ya jiƙa robar, ta kumbura, ta yi laushi kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Masu wankin mota da ke goge inji da gas ko kananzir don ya yi ƙyalli su ma suna taimaka wa ɓarnar ba da saninsu ba. Sa'an nan injekta guda da gurɓataccen mai ya lalata takan sa silinda ɗaya ta riƙa duka ba daidai da 'yan'uwanta ba, lugude ya rikice, nauyin ya koma kan roba.

Fuli ba ya mutuwa a ɓoye ga wanda ya san inda zai duba. Idan inji yana aiki a tsaye, a tsaya daga gefe, a tattare babbar riga da rawani nesa da fanka, a dubi fulin: lafiyayye yana juyi kamar ba ya motsi, mai ciwo yana rangaji. Idan an kashe inji a haska robar da tocila. Tsagewa, ko kumburi ya fito waje, ko wurin da ta gutsure, ko baƙin gari a jikin murfin da ke bayansa, ko wani wuri da ƙarfe ya goge yana ƙyalli, duk shaida ce. Fambel da ke cin gefe guda, ko sabon da aka sa makon jiya ya riga ya fara kuka, shi ma yana nuna inda ciwon yake, ko da yake sau da yawa sai an sayi fambel biyu ko uku kafin wani ya tuna da fuli. Akwai kuma gwaji mai sauƙi wanda ba ya cin ko kwabo. A ɗauki alli ko ɗan farin fenti a ja layi guda daga cibiya, ya ratsa roba, ya hau zoben waje. A yi tafiyar kwana ɗaya ko biyu da na'urar sanyi a kunne, a dawo a duba. Idan layin yana nan a miƙe, madalla. Idan ya rabu biyu, zoben yana zamewa ke nan, motar nan kuwa ba ta isa ta kama hanyar Lakwaja ba.

Dalili shi ne abin da ke biyo baya idan zoben ya saki gaba ɗaya ana cikin gudu. Fambel yakan tsaya ko ya fice, shi kuwa shi ke juya altaneta mai cajin batir, da famfon ruwa a yawancin waɗannan injuna, a wasu motoci kuma har da famfon da ke sa sitiyari ya yi laushi. Jar fitilar batir ta kama, a wasu motoci sitiyari ya ƙage a hannun direba, allurar zafi ta fara hawa. A wasu injuna, kamar 5L na Toyota da 4D56 na Mitsubishi, famfon da ke zuƙe iska don taimaka wa burki a bayan altaneta yake, saboda haka bayan taku biyu ko uku burki ma sai ya zama kamar ana taka dutse. Zoben kansa, ƙarfe mai nauyi da ke juyi sau dubbai a minti, yana iya fita ya fasa lagireto ko ya sare fanka. Direban da ya ce bari ya lallaɓa zuwa gari na gaba, cikin 'yan mintoci zai ƙone kan inji. Wanda ya tsaya kuma, to, ya tsaya ke nan inda abin ya same shi, kuma duk wanda ya san abin da matafiya suka gani a wajejen Katari da Rijana a shekarun da satar mutane ta yi ƙamari a hanyar Kaduna ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da tsayuwar dole a daji da magariba take nufi.

Mai walda yana ganin wannan haɗari ne yake magancewa, kuma a iyakar abin da ido ke gani ya magance shi. Zobe ba zai sake zamewa ba, fambel zai juya, batir zai yi caji. Abin da ya yi a haƙiƙa shi ne ya cire gammo ya ɗora tulu a kan ƙoƙon kai. Zafin waldar ya ƙone sauran robar da ta rage, zoben da aka yi don ya ja baya ya shanye fizga yanzu ya zama ƙarin nauyi a bakin karanshaf, wanda ke sauko da wancan mugun juyi zuwa inda aka fi tuƙi. Ɗigon waldar kuma ba ya zama daidai ta kowane gefe, sai fulin ya riƙa wujijjiga bakin ƙarfen a kowane juyi, ya ci sil, ya ci metal na gaba. Daga ranar nan kowace fizga tana sauka kai tsaye a gwiwoyin karanshaf. Wata 'yar tsaga da ba ta kai gashi ba takan fara daga kwanar gwiwa ko bakin ramin mai, ta yi ta ci a karkace a hankali, wata uku, wata shida, wani lokaci shekara. Makanikan da suka daɗe a sana'a sun san kamannin irin wannan karaya: wani sashe na fuskar ƙarfen sumul da layi-layi kamar bakin rafi, inda tsagar ta daɗe tana tafiya, sauran kuma garje, inda ya ƙarasa ɓallewa a lokaci guda. Masu huda fulin su zura kusoshi, da masu cusa robar taya da gam, duk hanya ɗaya suka bi. A nan ba fuli za a saya ba kuma, inji ne sukutum.

Ba za a ce masu motoci ba su da uzuri ba. Tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma har ta haura 1,500 a farkon 2024, kayan gyara kuwa kusan duka daga waje suke zuwa. Wanda ya ƙi walda yakan koma ga na hannu, wanda ake kira Beljiyam, ana samunsa a Gudu da cikin Apo da babbar kasuwar kayan mota ta Zuba, kamar yadda ake samunsa a Ladipo ta Ikko da Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Kayan Beljiyam suna da ranarsu. Ƙofa, ko gilashi, ko akwatin giya na hannu sau da yawa ya fi sabon jabu. Amma fuli ba ya cikin wannan sahu, domin abin da ake saye a jikinsa roba ce, robar da aka ciro daga motar da ta yi shekara goma sha biyar a Turai ko Japan kuwa shekarunta goma sha biyar, ko an wanke ta an shafa mata mai ta yi baƙi wuluk. Mai sayarwa zai ce, "Alhaji, duba, ko tsaga babu." Gaskiya ya faɗa, sai dai roba takan taurare ta daina aiki tun kafin ta tsage. Akwai kuma sabon da ke zuwa a kwali mai tambarin kamfani alhali bai taɓa ganin kamfanin ba. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON, wadda aka kafa tun 1971, ita ke da alhakin tare irin waɗannan a bakin shigowa, amma mai saye ba zai jira ta ba a ranar da motarsa ke kan jak. Abin da zai iya yi shi ne ya je da lambar shasin motar don a fitar da lambar kayan daidai, ya ɗora sabon da tsohon a hannu biyu ya ji nauyinsu, ya ƙirga kwarin fambel, ya karɓi rasit mai sunan shago. Wanda ya fi na asali sauƙi a hannu, ko aka yi shi da ƙarfe zalla babu roba, a bar wa mai shi kayansa.

Sayen nagari rabin aiki ne, domin ana kashe fuli mai kyau a wajen ɗaurawa. Kusar da ke riƙe da shi tana cikin mafi tauri a jikin mota. A injuna irin su 1KZ da 1KD ƙarfin ɗaurinta ya haura awo 350 a ma'aunin da makanikai ke kira niyutan-mita, watau kusan ninki uku na notin taya. Hanyar da aka saba kwance ta a gareji ita ce a sa doguwar sifana a tokare ta da shasi, a ce wa yaro ya ɗan murza makulli, sitata ta fizge ta. Sau da yawa tana yi, ranar da ba ta yi ba kuma haƙorin filawil ne ko hannun yaron. Akwai ƙarfen da aka yi musamman don riƙe fulin, akwai kuma mai zare wanda ke kama cibiya ya janyo ta a hankali. Makanikin da ya ɗauko guduma da ƙarfen taya ya fara ɓamɓara daga gefe, ko ya maƙala ƙugiya a zoben waje ya ja, yana yaga roba ne da hannunsa. Dukan guduma a bakin karanshaf kuma yana sauka a kan metal ɗin da ke hana shi motsi gaba da baya.

Idan tsohon ya fita, kada a yi gaggawar mayar da sabo. A dubi ɗan makullin ƙarfen nan mai kama da tsinin wata wanda ke hana cibiya zamewa, da ramin da yake zama. Idan ramin ya buɗe, alama ce an taɓa barin kusar da sako-sako, kuma sabon fuli ba zai zauna ba sai an gyara. A canja sil tun da ga shi a fili, kuɗinsa kaɗan ne, shi ne kuma sau da yawa ya kashe na farkon. A juya fulin altaneta da na abin ɗame fambel da hannu a ji ko sun ƙage. A injunan Turai da yawa kusar irin mai miƙewa ce, sau ɗaya ake ɗaura ta a jefar, a wasunsu ma ita ce ke riƙe da haƙorin taimin, wanda ya kwance ta ba tare da ya kulle inji ba sai fistin ya gamu da bawul. A ƙarshe a ɗaure da sifana mai awo, bisa adadin da littafin motar ya faɗa. Faifon ruwa da aka zura wa sifana mutum biyu suka hau kai ba awo ba ne. Ƙungiyar makanikai ta NATA, wadda ke da rassa a garejojin birnin, za ta yi wa 'ya'yanta babban alheri idan ta sa kowane layi ya mallaki irin wannan sifana ko da guda ɗaya ce ta haɗin gwiwa, gama yaran da ke koyon aiki a Apo yau abin da suka ga ana yi shi za su ɗauka zuwa duk inda suka buɗe tasu rumfar.

Saura motocin ofis, inda abin ya fi ban takaici, domin a can ba rashin kuɗi ne ke jawo walda ba. Direba shi ne ya fara jin ƙarar, ya faɗa wa mai kula da motoci, a ce ya rubuto, takarda ta yi mako uku tana zagaya tebur, rannan kuma a wayi gari a ce maigida zai tafi Minna da azahar, a gyara ko ta halin ƙaƙa. Wani lokaci kuma takarda takan nuna an sayi sabo, abin da ke jikin mota kuwa tsohon ne da ɗinkin walda a bayansa inda ido ba ya kai. Mai mota, ko na kansa ko na hukuma, yana da ikon ya ce a kawo masa tsohon fulin a hannu tare da kwalin sabon, ya kuma sa a haska masa wanda aka ɗaura ya ga robar da idonsa kafin a mayar da murfin ƙasa. Bayan haka, duk ranar da aka je juyen baƙin mai, direba ya tafi da guntun alli a aljihu, ya sabunta layin nan, ya duba na wancan karon.